Mun baro taurarin labaranmu a aji shida

  

A 'yan watannin nan mun karanta shafukan farko masu yawa da sababbin marubuta ke turowa domin a duba musu. Wani abu ya daɗe yana damunmu, yau dai za mu faɗe shi, kuma da kanmu za mu fara, domin mu ma mun yi. Jaruminmu dogo ne, fari, mai saje, miskili, ba ya dariya. Likita ne ko soja ko matuƙin jirgin sama, mahaifinsa yana da kamfanoni a Dubai. Jarumarmu kuwa fara ce mai gashi har gadon baya, marainiya, kishiyar uwa tana gana mata azaba, ranar da ta fita talla motar jarumi ta watsa mata ruwan kwata. Da za a ɗauko labari goma a goge sunayen marubutansu, a kuma musanya sunayen taurarin, mu kanmu ba za mu iya ware namu ba. Mutanen nan ba mu taɓa zama da su ba. A wani littafin muka gan su, shi ma mai littafin a wani ya gani.

Alhali kowannenmu ya yi shekara shida, wato zango 18, a ɗaki ɗaya da mutum hamsin, ko saba'in, ko fiye. Mun gan su da yunwa, mun gan su a ƙoshe. Mun ga yadda kowa ke yi in an kira sunansa a taron safe, da yadda yake yi in an raba takardun jarrabawa. Mun san wanda ke ba da aron biro da wanda ke ɓoye nasa a safa. Ba mu zaɓe su ba, rajista ce ta haɗa mu: ɗan alƙali da ɗan mai dako a benci ɗaya, Bafulatana da Banufiya da Bayarabiyar da ta fi mu iya karin magana, Musulmi da Kirista. Tun da muka bar sakandare ba mu sake samun irin wannan cakuɗar ba, domin yanzu kowa da irinsa yake tafiya. Ra'ayinmu a wannan mako shi ne, babu rumbun taurari da marubuci mai tasowa yake da shi kamar ajinsa na sakandare, kuma mun rufe rumbun mun tafi aro.

Bari mu buɗe namu kaɗan, ba tare da kama suna ba. Makarantar gwamnati muka yi, ta jeka-ka-dawo, maza a layin taga, mata a layin ƙofa.

A bencin ƙarshe akwai wani yaro mai in'ina. In malamin Turanci ya tashe shi karatu, kafin ya fitar da jimla ɗaya aji ya ƙare da dariya, saboda haka ya daina ɗaga hannu tun muna aji biyu. Aljihunsa kullum a cike yake da ƙananan kusoshi da guntayen waya, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Shi ya haɗa 'yar fanka da injin tsohuwar rediyo mai kaset da batir biyu, ya kafa ta a ƙarƙashin tebur lokacin zafi, har 'yan layin gaba suka riƙa neman musanyar wuri da 'yan baya. Duk ranar da lasifikar makaranta ta ƙi magana, shi ake zuwa a kira daga aji. In yana bayanin abin da ya lalace a cikin na'ura, in'inar takan ragu har ka manta yana da ita.

Akwai wanda ya iya kwaikwayon muryar kowane malami, har da tarin shugaban makaranta da yadda yake gyara tabarau. Da zarar malami ya fita, shi ne a gaban allo. Mun ɗauke shi mutumin da ba shi da damuwa a duniya. Sai da muka kai aji biyar muka gane cewa tun asuba yake tura kurar ruwa kafin ya sa kayan makaranta, shi ya sa kullum yake makara, shi ya sa kuma ya fi kowa shan bulala a bakin ƙofa. In an tashi tara ba ya sayen komai. A lokacin ne yake fara wasansa, kowa na dariya, ba mai lura cewa shi kaɗai ne ba ya tauna komai.

Akwai wanda muke kira Ustaz, mai jan mu sallar azahar, mai wakiltar makaranta a musabaƙa, wanda in ya shigo ake sauya hira. Shi ne kuma mai tsaron ragar ajinmu, kuma a fili ba ya da sauƙi ko kaɗan. In Arsenal ta sha kashi ranar Lahadi, ranar Litinin ba mai jin muryarsa sai a salla.

A layin mata akwai wadda jakarta rabi littattafai ce, rabi gullisuwa da tuwon madara. Ba ta taɓa cin lissafi ba, amma a bayan littafin lissafin nata akwai sunan duk wanda ta ba bashi, da rana, da abin da ya rage, kuma ba a taɓa kama ta da kuskuren naira ɗaya ba. Ita ke riƙe adashin aji. Har malamai mata sun shiga. Wanda ya ƙi biya ba ta yi masa faɗa, sai dai ta gaishe shi da cikakken sunansa sau uku a rana har ya gaji ya kawo.

Sai kuma wata mai shiru, wadda da wuya ka ji ta yi magana sau biyu a mako. Ita ce ke rubuta labari a littafin rubutu mai falle tamanin. A bangon baya ake rubuta layin masu jiran karatu, kuma wanda ya kwana biyu da shi sai ya biya tarar biro. Maza ma suna karantawa, sai dai su ce ƙannensu za su kai wa. Wata rana malamin Hausa ya ƙwace littafin ana tsakiyar darasi. Bayan kwana uku ya dawo da shi, ya bi shi da jan biro ya gyara mata rabewa da haɗewar kalmomi tun daga shafin farko har na ƙarshe, bai ce mata komai ba.

Mun tabbata tun kafin ku gama karanta waɗannan, fuskokin naku sun fara zuwar muku. 'Yan makarantar kwana suna da nasu ninki biyu: mai kitso a ɗakin kwana ranar Asabar, mai zanen lalle da tsinken ashana, gwanin kwaɗon gari da ƙuli, siniyar da kowa ke tsoro amma take kuka in an zo ziyara ba a zo mata ba, mai ba da labarin fim ɗin Indiya bayan an kashe fitila har da waƙoƙinsa.

Abin lura a nan shi ne, ba mu faɗi tsawon kowa ko hasken fatarsa ba, amma kun gan su. Abin da ya nuna su shi ne abin da hannunsu ke yi in ba malami a aji. Baiwar mutum da abin da yake sha'awa su ne ƙofa mafi kusa zuwa halinsa. In muka rubuta cewa jaruma tana da wayo, mai karatu zai wuce bai ji komai ba. In muka nuna ta tana gaishe da mai bashinta da cikakken sunansa sau uku a rana, ba sai mun ce tana da wayo ba, kuma mai karatu ba zai manta ta ba. Abu na biyu, kowannensu yana ɗauke da abu biyu da ba a zaci za su haɗu ba: mai barkwanci da yunwa, mai faɗuwa lissafi da iya riƙe kuɗi, Ustaz da zafin ƙwallo. Jarumin da muke arowa fuska ɗaya gare shi daga shafin farko har na ƙarshe, shi ya sa sai mun jefa shi a haɗarin mota ko mun sa an sace shi kafin labari ya motsa. Mutum mai fuska biyu kuwa rikicinsa yana cikinsa, ko a ɗaki ka ajiye shi labari zai fito.

Kada mu raina aji. Tarihin rubutun zubenmu ma da 'yan makaranta ɗaya ya faro. A 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, sun yi zamani ɗaya a Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta koma Kaduna, ta koma Zariya, ta zama Kwalejin Barewa. An haifi Imam a 1911, Tafawa Ɓalewa a 1912, ke nan lokacin gasar ba su wuce shekarun yawancinmu ba. Ɗaya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, ɗaya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. A wurin abokan karatunsu kuwa, a lokacin, ɗalibai ne kawai da ake cin abinci tare. Haka a kudu: Chinua Achebe da Chukwuemeka Ike da Christopher Okigbo da Elechi Amadi duk Kwalejin Gwamnati ta Umuahia suka yi, kuma Ike ya ɗauki rayuwar makarantar kwana ya gina littafinsa The Bottled Leopard a kanta. Da yawanmu kuma mun karanta The Last Days at Forcados High School na A. H. Mohammed lokacin da JAMB ta sa shi, labarin 'yan ajin ƙarshe ne a wata sakandare a Legas, kuma mun karance shi ba tare da an tsaya a kanmu da bulala ba.

Mu kuma a namu labaran, me makaranta take yi? Yawanci wuri ne da jaruma ke fitowa daga ciki domin jarumi ya tsaya da mota a bakin ƙofa. Ƙawarta ɗaya ce, aikinta ba da shawara. Maƙiyiyarta ɗaya ce, aikinta harara. Sauran mutum sittin ɗin ba su da baki.

Mun san abin da wasu za su ce, domin mun sha ji. Za a ce masu karatu ba sa son talaka, gidan bene da jirgi suke so, kuma mai sayar da littafi a WhatsApp ko mai neman mabiya a Wattpad dole ya ba kasuwa abin da take nema. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya wuni cikin wahala yana da haƙƙin ya huta da labarin daula, kuma ba mu ce a daina rubuta masu kuɗi ba. Sai dai mu duba abin da mutane suka riƙe. A Ruwan Bagaja, wa aka fi tunawa in ba Malam Zurƙe ɗan Muhamman ba, da ramuwar ƙetar da suke yi da Alhaji Imam? Wannan irin takun saƙar kowa ya san ta, domin kowane aji yana da mutum biyu da ba sa ga maciji kuma ba sa rabuwa. Shirin Daɗin Kowa na Arewa24 ya shiga gidaje ne da mutanen unguwa, masu shayi da malaman tsangaya da matan aure, kuma masu kallo suka riƙa kiran 'yan wasan da sunayensu na cikin shiri. Labarin da ya fara cin gasar Hikayata ta BBC Hausa a 2016, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. Ko attajirin za mu rubuta, a ina za mu samo masa hali? Kuɗi ba hali ba ne. Ɗauki girman kan wancan monitan naku, da tsoron da yake ji kada a gane bai iya ba, ka sa wa attajirinka, sai ya tashi daga hoto ya zama mutum.

Za a kuma ce labarin 'yan makaranta na yara ne, ba ya ɗaukar babban jigo. Ku tuna abin da ya faru a ajinku tsakanin aji ɗaya da aji shida. Mutum nawa aka fara da su, nawa aka gama da su? Akwai wadda aka je hutu ba ta dawo ba, sai katin biki. Akwai wanda mahaifinsa ya rasu ya koma kasuwa. Akwai wanda ya yi karatu har ƙarshe, kuɗin rajistar WAEC ko NECO ya gagara, ranar jarrabawa yana tsaye a waje. Akwai wanda aka tura ajin kimiyya dole domin a gida an ce likita zai zama, alhali hannunsa na zane ne. Akwai wanda ya fara shan maganin tari ba tari yake yi ba. Akwai ranar da aka shigo da amsa ɗakin jarrabawa, kowa ya san wanda ya karɓa da wanda ya kau da kai. Talauci, aure, mutuwa, gaskiya da ha'inci, biyayya ga iyaye da son zuciya, duk jigogin da muke nema a nesa sun zauna tare da mu a benci.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, kuma ita ce ba mu da cikakkiyar amsarta. Za a ce wannan ai yi da mutane ne, tonon asirin waɗanda suka yarda da kai ne. A nan dole mu faɗi abin da ya same mu.

Shekara biyu da suka wuce mun rubuta wani gajeren labari, muna buƙatar wanda zai ba da dariya a ciki. Sai muka ɗauko in'inar wancan yaron na bencin ƙarshe, da yadda yake lumshe ido in kalma ta maƙale, da kalmar da ta fi ba shi wahala, muka sa wa wani ɗan aike. Mun sauya suna, muka ɗauka shi ke nan. Labarin ya samu karɓuwa, an yi ta dariya, mu ma muka ji daɗi. Wani ya tura shi zauren tsofaffin ɗalibanmu. Ba a yi awa ɗaya ba aka fara kiran sunansa ana sa alamar dariya.

Da daddare ya kira mu. Yanzu yana da shagon gyaran waya, da yara uku da ke koyon aiki a hannunsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya ce ya karanta, kuma rubutun ya yi kyau. Sannan ya tambaye mu, a hankali, yana tsayawa yana ci gaba, ko a duk shekara shidan da muka yi tare bakinsa kaɗai muka riƙe. Ya tuna mana ranar da ya gyara mana tocila ana gobe jarrabawa bai karɓi ko sisi ba. Mun ba shi haƙuri, mun sauke labarin, ya ce ya wuce. Amma har yau in muka je shagonsa, gaisuwar ba irin ta da ba ce.

Mun daɗe muna juya wannan abu. Laifinmu bai tsaya ga ɗauko shi ba. Mun ɗauko rabinsa ne, rabin da aji ke yi wa dariya, muka bar rabin da ya sa ake kiransa in lasifika ta mutu. Abin da aji ya yi masa shekara shida, shi muka sake yi masa a gaban mutanen da ba su ma san shi ba. Kuma ko ta fuskar rubutu mun yi asara, domin yaron da bakinsa ke maƙalewa amma hannunsa ke sa ƙarfe magana ya fi ɗan aiken nan namu zama tauraro nesa ba kusa ba. Rashin adalci da raunin rubutu a wuri ɗaya suka fito.

Daga nan muka ɗaura wa kanmu wasu sharuɗɗa, muna kuma ba ku su ku duba, wanda ya ga gyara ya gyara.

Na farko, sauya suna bai isa ba. A sauya gari, a sauya sana'ar iyaye, a sauya kama, in da hali a sauya jinsi. Ma'aunin shi ne: in ɗan ajinku ya karanta, zai iya nuna mutum ɗaya da yatsa? In zai iya, aiki bai ƙare ba.

Na biyu, a haɗa mutum biyu ko uku a tauraro ɗaya. Baiwar wannan, tsoron wancan, yadda waccan take magana. Abin da zai fito sabon mutum ne, naka ne, ba wanda zai ce an ci zarafinsa.

Na uku, abin da aka faɗa maka a asirce ba kayan rubutu ba ne. Wadda ta gaya miki abin da ke faruwa a gidansu tana kuka a bayan aji, amana ta ba ki. Shekara goma ba ta mayar da amana ta zama taki ba. Abin da ido ya gani a fili daban, abin da aka sirranta maka daban.

Na huɗu, kada alƙalami ya zama abin ramuwa. Dukanmu muna da wanda ya zalunce mu a makaranta, siniya ko monita ko abokin da ya juya baya. In har zafin bai huce ba, ba za mu iya rubuta shi da adalci ba, dodo za mu zana. A bari sai ranar da za mu iya tambayar kanmu me ya sa ya zama haka, mu kuma iya ba shi shafi ɗaya da mai karatu zai tausaya masa.

Na biyar, in labarin ba zai tsaya ba sai da mutumin yadda yake, a neme shi a gaya masa, a nuna masa kafin kowa ya gani. In ya ce a'a, a haƙura. Labari ba ya ƙarewa a duniya, abokin ƙuruciya kuwa ba a sake yin sa.

Ga aikin da muke roƙon kowa ya gwada a wannan mako. A ɗauki takarda a rubuta mutum goma daga aji shida, ba manyan abokai kaɗai ba, har da waɗanda ba a taɓa yin hirar minti biyar da su ba. A ƙarƙashin kowane a amsa tambaya biyar. A ina yake zama, kuma shi ya zaɓi wurin ko tura shi aka yi? Me hannunsa ke yi in ba malami? Me ya iya wanda ba ya fitowa a katin sakamako? Me yake ɓoyewa ko yake tsoro? Wace kalma ce ba ta barin bakinsa? Za ku ga wasu kun cika shafi a kansu, wasu kuwa ko tambaya ɗaya ba ku iya amsawa ba. Waɗannan na biyun su ne abin tsayawa a kai, domin sun nuna mana iyakar kallonmu, kuma marubuci da kallo yake ci. Bayan haka a zaɓi biyu, a gauraya su yadda ba mai gane su, a rubuta fage ɗaya da bai wuce kalma 300 ba, inda tauraron ke yin abin da ya iya. Sharaɗi: ba a faɗin launin fata, ba a faɗin tsawo, ba a faɗin irin mota. A ajiye a ƙasan wannan rubutu mu karanta wa juna, mu yi gyara cikin mutunci kamar yadda aka saba.

Saura magana ɗaya, kuma ita ta fi tsaya mana a rai. Mu da muke kiran kanmu marubuta a yau, masu katin ƙungiya da zuwa taro, in za mu faɗi gaskiya yawancinmu ba mu ne gwanayen rubutu a ajinmu ba. A namu ajin, waccan mai littafi mai falle tamanin ta fi mu nesa. Mu a layin masu jiran karatu muke, sunanmu na bakwai ko na takwas a bangon baya. Mu mun samu wucewa kwalejin kimiyya da fasaha, muka samu waya da intanet da mutanen da suka ce mana mu ci gaba. Ita ba ta samu ba. Da muka neme ta bara, ta ce rabonta da rubuta wani abu tun shekarar da muka gama, littattafan ma ba ta san inda suke ba, wataƙila an kunna wuta da su. Ta yi dariya da ta faɗa. Muka ce ta gwada ko shafi ɗaya ne, ta ce wa zai karanta. Muka ce mutum saba'in sun taɓa bin layi, kuma ba a biya su ba.

Har yanzu ba ta turo komai ba, ba kuma za mu ce lalle za ta turo ba, domin yara uku da aikin gida ba wasa ba ne. Amma duk wata mukan tura mata abin da muka rubuta mu ce ta duba mana, kuma gyaran da take yi ya fi na mutane da yawa masu manyan takardu. A labarinmu na ƙarshe ita ta gano cewa jarumar ta yi magana irin wadda ba za ta taɓa yi a gaban surukarta ba, abin da mutum huɗu suka karanta ba su gani ba.

Saboda haka in kun zauna rubuta mutum goman nan, ku duba ko akwai irinta a cikinsu: mai waƙa, mai zane, mai ba da labari, mai wasan kwaikwayo. In akwai, kada a tsaya ga mayar da ita tauraruwa a takarda. A nemi lambarta, a gaishe ta, a tambaye ta ina baiwar nan take. In tana so, a jawo ta cikin zauren nan, akwai wuri.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu daga cikin abokan karatunmu da malamanmu, ya rufa wa na raye asiri, ya sa alƙalumanmu su zama masu adalci. Inda muka yi kuskure a gyara mana. Muna jiran fagagenku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.